Kira Ga Masu A-Kori-Kura: Ƙara Ba Ƙarfi Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu motar a-kori-kura, musamman irina waɗanda motar ce jakinsu na zuwa gona, kuma ita ce rumfarsu ta kasuwa. Ni ba makanike ba ne, karatuna ma a firamare ya tsaya. Manomi ne ni, da rani kuma ina ɗan taɓa saye da sayarwa. Amma an ce gani ya kori ji, kuma abin da zan faɗa da buhunan masarata na saye shi.

Maganar ita ce wata ɗabi'a da ta yaɗu a garejinmu, wato a ce wa mai mota ya kawo 'yan kuɗi kaɗan a ƙara wa injinsa ƙarfi. Ra'ayina a kan wannan a taƙaice yake. Tsohon inji da ke aiki kullum ba sabon ƙarfi yake nema ba, ƙarfinsa na asali da ya zube shi yake nema a mayar masa. Wanda ya gane haka zai kashe kuɗi kaɗan ya ga amfani. Wanda bai gane ba kuwa, ƙara zai saya da hayaƙi, ya dawo yana kuka.

Motata Fijo 504 ce, a-kori-kura, mai inji lita biyu da fulogi huɗu, na gaje ta daga wurin kawuna. Samfurin 504 a 1968 ya fara fitowa a ƙasar Faransa, kuma masana'antar Fijo da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa shi har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har yau da wuya ka shiga kasuwar hatsi a Arewa ba ka ga ɗaya ko biyu ba. Aikin tawa shi ne ɗaukar masara daga yankinmu na Saminaka zuwa Jos, in za mu dawo kuma mu ɗauko dankalin Turawa da kabeji. Duk wanda ya san wannan hanya ya san akwai hawa, domin Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200.

Shekaru kaɗan da suka wuce sai motar ta fara kasala. Hawan da a da take yi da giya ta uku, sai ya zamana sai da ta biyu, tana nishi. Na kai ta wurin wani matashin makanike da abokai suka yi ta zuga mini, wai shi ne gwanin sa tsohuwar mota ta koma yarinya. Bai ma buɗe bonet da kyau ba sai ya ce, "Alhaji, ai motarka an shaƙe ta ne. Bari mu buɗe mata maƙogwaro ka ga aiki." Ya farke salansa ya kwashe abin da ke ciki. Ya cire filtar iska ya ajiye gefe, wai tana hana inji numfashi. Ya sa wa kafireta jet mai faɗin rami don mai ya riƙa shiga da yawa. Ya cire tamosta ya yar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Daga ƙarshe ya murɗa distiributa ya ja taimin gaba. Duka-duka kuɗin buhun masara ɗaya ya karɓa, har ina yi masa godiya.

Gaskiya ranar da na fito daga garejin nan sai na ji kamar jirgi nake tuƙawa. In na taka totur, kaji su watse, yara su biyo ni da gudu. Amma da na zo hawan nan da kaya, sai na ga dai giya ta biyun nake nema, bambancin kawai yanzu da ihu nake neman ta. Mai kuwa ta shiga sha kamar an huda tanki. Da hunturu ya shigo da ƙurarsa, cikin wata huɗu sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fara bin bayana, kowace tafiya sai na ƙara baƙin mai. Wata safiya, ɗauke da masarar da na riga na karɓi kafin alƙalami a kanta, motar ta tsaya cak a tsakiyar hawa bayan Jengre. Na kwana biyu a bakin hanya ina gadin kaya. Kafin in isa, mai saye ya sayi ta wani, sai da na mayar masa da kuɗinsa, na sayar da tawa da faɗuwa. Ashe da gaske ne ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi.

Aka jawo motar zuwa wurin wani dattijon makanike da ya tsufa a kan Fijo. Ya kwance fulogi ya nuna mini, duk sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya sa yatsa cikin bakin kafireta ya fito da shi da ƙasa. Na ce, "Baba, ƙarfi fa na je a ƙara mata." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in jakinka ya rame, tsumagiya za ka ƙara masa ko dusa? Waɗanda suka ƙera injin nan sun fi mu sanin abin da zai iya." Sai da aka sauke injin aka canza ringi da metal, aikin da ya ci kuɗin buhu shida. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

A kwanakin da na yi ina zama a garejin dattijon nan na koyi abin da nake so in isar ga jama'a. Inji abu uku yake so: iska mai tsabta, mai daidai gwargwado, da wuta a kan lokaci. Injin fetur yana ƙona kilo ɗaya na mai da kimanin kilo 14.7 na iska. Wato kowace lita ɗaya ta fetur sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. To jama'a, ku duba yawan ƙurar da ke cikin iska lita 9,000 a watan Janairu a kan hanyar burji. In babu filta, duk wannan ƙasa cikin silinda take shiga, ta haɗu da baƙin mai ta riƙa goge ringi kamar yashi. Abin da ya cinye injina ke nan.

Haka batun jet mai faɗi. Ƙara mai ba tare da ƙara iska ba, ba ya ƙara ƙarfi, domin ragowar man ba ya ƙonewa. Wani ya fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi, wani ya toshe fulogi, wani kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka na cikin inji. Tamosta kuwa ba kayan ƙawa ba ce. Aikinta ta tsare ruwa har inji ya yi ɗumi wajen digiri 80, sannan ta buɗe ruwa ya zagaya lagireto. Inji mai sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa, kuma duk wanda ya taɓa ta da mota da asuba a Jos ya san ƙasarmu ma tana da sanyi. In mota tana zafi, a nemi dalilin, kada a ɗora wa tamosta laifin toshewar lagireto. Shi kuma taimin da aka ja gaba fiye da kima, shi ke sa ka ji inji yana ƙas-ƙas a hawa, wannan kuwa fistin yake ci.

Wani abu da na ƙara ganewa shi ne, ko sabuwar mota ce, in dai ba mai turbo ba ce, tana rage ƙarfi in ta hau tudu, domin iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin inji ke raguwa a kowane hawan mita 100. Saboda haka ba kowace kasala ce cuta ba, wani lokaci sauya giya da wuri shi ne magani.

To me za a yi wa mota da kuɗi kaɗan ta ƙara kuzari? Ga abin da aka yi wa tawa, kuma shi nake bi har yau.

Na farko, kafin a sayi ko kusa ɗaya, a auna matsin inji. Akwai ɗan agogo da ake sawa a ramin fulogi a ba mota kiyi, ya nuna matsin kowace silinda. In huɗun sun yi kusa da juna kuma ba su faɗi ba, inji na da rai, ƙananan gyare-gyare za su yi aiki. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, to matsalar ringi ce ko bawul ko gasket, kuma babu wani siddabaru da zai rufe ta. Wannan awo bai kai minti talatin ba, amma yana hana asarar dubbai.

Na biyu, filtar iska. A sa mai kyau, a tabbatar murfinta ya zauna daram babu inda ƙura ke ratsawa. Da hunturu ni duk mako nake buɗe ta in kakkaɓe, in ta gaji in canza. A duk kayan mota ban ga abin da ya fi ta araha ba in aka gwada da aikin da take yi.

Na uku, wuta. A sa fulogi irin wanda aka tsara wa injin, a daidaita bakinsu da ma'auni ba da ido ba. A duba wayoyin fulogi da dare, in ka ga tartsatsi na tsalle a jikinsu, wutarka ce ke zubewa. A duba murfin distiributa ko ya tsage. A nan ne ma nake ganin akwai canji guda da ya cancanci kuɗinsa, wato a cire kontak da kondensa a sa distiributa mai aiki da lantarki. Kontak yana cinyewa a hankali, taimin yana gocewa tare da shi, shi ya sa mota take daɗi bayan sabis, bayan wata biyu ta koma gidan jiya. Mai lantarkin ba shi da bakin da ke gogewa. Tun da na sa shi, bugu ɗaya motata ke tashi da safe.

Na huɗu, taimin da bawul. A saita taimin da fitilar da aka yi don haka, a kan alamar da ke jikin inji, kada a yi da kunne. Bawul kuma a saita su inji na sanyi, da siraran ƙarafan awo. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, matsi ya riƙa gudu har bakinsa ya ƙone. Wanda ya saki da yawa kuma ba ya buɗewa sosai. Wannan aiki ba ya buƙatar sayen komai sai ladan hannu, amma mutane da yawa sai su shekara biyar ba su yi ba.

Na biyar, mai. A wanke kafireta, a mayar mata da jet na asali, a canza filtar mai. Sannan a sa wani ya taka totur har ƙasa, mota a kashe, a leƙa a ga ko bakin kafireta ya buɗe gaba ɗaya. Tawa ashe wayar totur ta saki, ina takawa har ƙasa amma bakin bai gama buɗewa ba. Da sifana aka gyara, ko sisi ban biya ba, kuma ina jin tun farko rabin ciwon ke nan. A kuma kula da inda ake shan mai. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa. Man galan na bakin hanya in ba dole ba a haƙura, don ba ka san abin da aka gauraya ba.

Na shida, ruwa da baƙin mai. A wanke lagireto ciki da waje, a cire ƙaiƙayi da ciyawar da ke toshe ta, a canza murfinta in robar ta mutu, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. A ɗaure fanbel daidai. Baƙin mai kuwa ni 20W-50 nake sa wa tsohon injina, na cikin galan mai hatimi, kuma ba na wuce kilomita 5,000 ban juye ba tare da filtarsa. Baƙin man awo da ake zubawa a kwalba, araha ce da ba ta ado.

Na bakwai, salansa. Ban ce kada a taɓa ta ba. In bututun ya lotse saboda dutse ya buge shi, ko tukunyar ta ruɓe ta toshe, lallai inji zai shaƙe, kuma gyaranta zai dawo da ƙarfi. Amma farke lafiyayyar salansa babu abin da yake ƙara wa mai ɗaukar kaya sai damun maƙwabta. Kuma salansa mai yoyo tana tura hayaƙi cikin gaban mota, hayaƙin da ke sa direba ciwon kai da gyangyaɗi, irin wanda ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki.

Na takwas, wani ƙarfin ba a cikin inji yake ɓacewa ba. Kuloci mai zamewa, inji na ihu mota ba ta gaba. Birki mai kamawa, wanda za ka gane in ka taɓa garen taya bayan tafiya ka ji ɗaya ya fi sauran zafi. Taya mai ƙarancin iska. Sai kuma manyan tayoyi da samari ke sawa don ado, waɗanda ke rage wa mota ƙarfin ja a hawa, tamkar ka tashi da giya ta biyu.

Na ƙarshe, kuma a nan laifin namu ne mu masu mota, shi ne lodi. A-kori-kura irin tawa kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Amma mu sai mu ɗora ashirin, mu ƙara ganyen sifirin, mu ɗora mutum biyar a sama, sannan mu ce inji ba shi da ƙarfi. Ko da an ƙara ƙarfin hawa, wa zai ƙara ƙarfin birki a gangara? Tun da na rage lodi, na ga abin da nake kashewa a taya da sifirin da kuloci ya ragu fiye da ribar buhunan da na bari.

Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare, in ka cire aikin ringi da na jawo wa kaina, ba su kai kuɗin buhu biyu ba. Hawan nan yanzu da giya ta uku nake yin sa. Na kuma sayi ɗan littafi ina rubuta mai. Ina cika tanki, in rubuta lambar kilomita, in na sake cikawa in raba. Lokacin ihu, lita ɗaya da ƙyar take kai ni kilomita shida. Yanzu tana kai ni kusan tara. Wanda agogon motarsa ya mutu, ya auna da hanyar da ya saba bi. Wannan lissafi ba wasa ba ne, domin kafin a sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma zuwa watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Duk litar da ta fita ta salansa ba ta ƙone ba, daga tukunyar iyalinka aka ɗebe ta.

Na san wani zai ce ai a ƙasashen Turai da Amurka ana ƙara wa inji ƙarfi da gaske, a sa turbo, a canza kamshaf, a sauya lissafin kwamfutar mota. Haka ne, ban musa ba. Amma wannan aiki ne mai tsada, kuma mai yin sa yakan canza kuloci da birki da lagireto su dace da sabon ƙarfin, galibi kuma yana da wata motar a gida in wannan ta kwanta. Ni da kai fa? In motarmu ta kwana uku a gareji, kasuwa ta wuce mu, taki bai isa gona ba. Motar da ke ciyar da gida ba wurin gwaji ba ce.

Masu sababbin a-kori-kura irin su Hilux mai injekta su ma ina jan kunnensu. Kada ka yarda a ce maka a cire abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi wai don mota ta ƙara gudu, alhali lafiyarsa ƙalau. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da kasuwa, aikinsa kuma rage gubar hayaƙi. In fitilar inji ta kama, a sa kwamfuta a karanta abin da ta ce, kada a cire ƙwan fitilar. Masu niyyar mayar da mota ta riƙa amfani da iskar gas ta CNG kuma su sani cewa sauƙin kuɗin mai ake nema da ita, ƙarfin ja yakan ɗan ragu, tukunyar tana da nauyi kuma tana cin wurin kaya, sannan wurin ƙwararrun da aka amince da su kaɗai ya kamata a yi.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai da su riƙa tara yaransu suna koya masu aiki da ma'auni, su kuma hana wannan ɗabi'a ta cire filta da tamosta. Ba na cewa duk mai yin haka macuci ne, da yawa haka suka tarar ana yi, kuma mu ne ke zuwa muna roƙo a sa mota ta yi ruri. Ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da ta ƙara sa ido a kan jabun fulogi da filta da baƙin mai, domin talaka ba shi da hanyar bambance su. Su kuma 'yan'uwana masu mota, duk wanda ya ce zai ƙara wa injinka ƙarfi, ka tambaye shi abu ɗaya, shin ya auna matsin injin? In bai auna ba, ka ɗauki makullinka ka yi gaba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.

Naka mai karanta wannan shafi kullum,
Wani manomi mai a-kori-kura,
Saminaka, Jihar Kaduna.